Minti Biyar na Alhaji

Haƙƙin da ke kan gidan rediyonmu a watan azumi guda ɗaya ne: mu saki kiran sallar magariba a kan lokacinsa, domin rabin matan unguwanninmu a Garwa da mahautan da ke cikin rumfuna da mu suke shan ruwa. Ranar da muka kasa sauke wannan haƙƙi ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake yau idan na tuna ta murmushi nake yi.

Ni ne mai ajiye bayanan tashar a lokacin. Kiran sallar kuwa kwamfuta ce ke sakinsa da kanta, bisa jadawalin da malamai suka ba mu. Injiniyarmu, wata baiwar Allah 'yar garin Banyo, ita ta haɗa komai. Ta taɓa zaunar da ni ta yi mini bayani cewa agogo biyu ne a na'urar. Akwai na cikin wani ɗan kati mai karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam ta eriyar da ke kan rufi, wanda ba ya kuskure. Akwai kuma na tsarin kwamfutar, wanda muke gani a allo, kuma shi jadawalin ke bi. Wata 'yar manhaja ce ke tambayar na katin, tana jan na allon a hankali har su daidaita. Idan tazarar ta yi yawa, sai ta janye hannu ta rubuta gargaɗi. Ban gane duka ba, amma na rubuta a littafina.

Ranar sha ɗaya ga azumi kiran ya fita da wuri. Washegari da hantsi sai ga Sarkin Fawa a ofis, ko zama bai yi ba.

"Alhaji, rana na nan jajur a kan kogin Binuwai, rediyonka ya ce mu sha ruwa! Ko ku a nan kuna da taku ranar ce daban?"

Alhaji, mai tashar, mutumin kirki ne amma mai saurin hukunci. Kafin azahar ya sa an buga takardar dakatar da injiniyar, ya ce in saka a dosiyenta, wato fayil ɗin aikinta. Na same ta tana tattara kayanta, idonta ya yi ja.

"Malam, wallahi ban taɓa komai ba."

"Ƙanwata, ajiye jakar nan," na ce. "Ba kin ce na'urar tana rubuta duk wanda ya taɓa agogonta ba? Fito mini da shi a takarda."

Ta fito da shi, muka bi layi bayan layi. Agogon katin bai motsa ba ko kaɗan. Amma da ƙarfe tara da kwata na safiyar ranar sha ɗayan, wani ya shiga da kalmar sirrin shugaba ya tura na allon gaba da minti biyar cif. A ƙasa ga gargaɗin manhajar, wanda ba wanda ya karanta, domin ranar hutun injiniyar ce. Na duba rajistar ƙofa. Mutum ɗaya ne ya shiga ɗakin kwamfutar a wannan lokaci.

Sai na ɗaga kai na kalli agogon bango, na tuna abin da kowa a tashar ya sani. Alhaji ya gaji wata al'ada daga kantin mahaifinsa: kowane agogo nasa yana gaba da minti biyar, don kada a makara sallah ko mota. Na hannunsa haka, na motarsa haka, na bangon ofis haka.

Na ɗauki takardun na shiga wurinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya saka wannan takarda a dosiye ban nuna maka waɗannan ba." Ya karanta, sannan ya cire hula ya dafe kai.

"Innalillahi. Na ga ya saɓa da nawa ne, na ce bari in gyara musu."

Da kansa ya shiga ɗakin watsa labarai ya ba jama'a haƙuri, ya kawo malami ya yi bayanin ramuwar azumin. Ya kira injiniyar ya ce, "'Yata, ki yafe mini, ki kuma canza kalmar sirrin nan, ko na roƙe ki kada ki ba ni." Sarkin Fawa ya aiko mata da cinyar rago, kuma har yau idan ya ga Alhaji sai ya tambaye shi ƙarfe nawa a ƙasarsu.

Abin da na koya shi ne a tambayi rubutaccen bayani kafin a tuhumi mutum, kuma niyya mai kyau ba ta ba kowa izinin taɓa abin da bai sani ba. Injiniyar tana nan a bakin aikinta, ni kuma na yi ritaya cikin kwanciyar hankali. Abu ɗaya ya rage. Na samu labarin cewa takardar dakatarwar tana cikin dosiyenta har yanzu, wani ya saka ta bayan na ƙi. Ina roƙon kwamitin tashar, cikin girmamawa, ya binciki yadda ta shiga, ya cire ta, ya sa takardar wanke ta a gurbinta.