Ƙahon Aro

Mai Agogo ya tsufa a bakin teburi, da gilashi maƙale a ido ɗaya. Akwai lokacin da duk wanda agogonsa ya tsaya a unguwar, rumfarsa yake nufa. Sai waya ta zo ta cinye masa kasuwa, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Ya rufe rumfa ya dawo gida da hantsakinsa da wani gwangwanin alawa cike da sukurori da hannayen matattun agogai da 'yar kwalbar mai, don shi a addininsa ba a yar da abu, wata rana zai rufa wa wani asiri.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya kwance rediyo ya ɗaure, ya gyara makullin da lafiyarsa ƙalau. Da ya fara kallon keken ɗinkin matarsa da wani irin ido, ta ce masa, "Malam, ka taɓa shi mu ɓata."

Autarsa ce ta cece shi. Aikinta a wani ɗakin ajiyar ƙwari ne, inda ake tantance tururuwa a san dangin kowace. Ta faɗi ta gurɗe hannu, ga kwalabe cike suna jiran a ɗora abin da ke cikinsu a kan fil. Ta roƙi shugabarta, aka yarda uban ya zo ya riƙa mata kafin ta warke.

Aikin kamar don shi aka yi. A yanka kwali siriri mai tsini, a ɗiga gam a bakinsa, a manna tururuwa ta gefen ƙirji, a soke kwalin da fil. Auta tana gefe tana bayani: a fara duba ƙugu, ƙulli ɗaya ne ko biyu, wannan ke nuna babban dangi. Sannan a ƙirga gaɓoɓin ƙahonin nan biyu da take shinshina hanya da su, a dubi muƙamuƙi da gashin baya. Mai Agogo yana gyaɗa kai, rabin hankalinsa yana kan yatsunsa, waɗanda ya ga har yanzu ba sa rawa. Daɗi ya cika shi, ya dawo gida yana cin abinci kamar saurayi. Tsoronsa ɗaya, kada hannun yarinyar ya warke a ce masa an gode.

Ranar nan ta miƙo masa wata 'yar kwalba a hankali. "Baba, wannan ita kaɗai gare mu. A ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye aka samo ta, ban ma gama sanin gidansu ba." 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, launin zuma, idonta ɗigo kawai, muƙamuƙinta dogo, ƙugu mai ƙulli biyu. Aka kira Auta taro, ta fita.

Da ya ɗora ta, ya ga ƙahon hagu babu, ya karye tun daga tushe. Ransa ya sosu. Shi da bai taɓa mayar wa mutum agogo mai hannu ɗaya ba? Hali zanen dutse: ashe tuni ya ware wani murfi yana tara ƙafafu da ƙahonin da suka zube daga sauran tururuwan. Ya zaɓi wanda ya dace da launi da tsawo, ya riƙe numfashi, ya dasa shi. Ya ja baya yana murmushi shi kaɗai.

Auta ta dawo ta sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta ƙirga gaɓoɓin ƙahon dama, goma sha ɗaya. Ta ƙirga na hagu, goma sha biyu. Ta goge ido ta sake. Sai ta miƙe tsaye zumbur. "Baba, ban taɓa ganin irin wannan ba. Bari in kira shugaba!"

"Ya zauna daidai ko?" in ji shi. "Ai ko ke ba ki ga wurin haɗin ba."

"Wane haɗi?"

Ya nuna mata murfin kayan gyaransa, yana jiran yabo.

Ta zauna daɓas. "Na shiga uku. Baba, ƙahon wata ka sa mata? Da na rubuta haka fa? Da an yi ta dariyata har in mutu!"

"To, guntuwa zan bar ta, Auta?"

"Nan ba a gyara, Baba. Yadda ta zo haka ake ajiye ta, ko da rabin kai ne. Kuma ita kenan mana."

Kunya ta rufe shi. Garin neman gira yana shirin rasa ido, ya hango kansa a tsakar gida, shi da rediyo. Ya ce a hankali, "Abin da na ɗaura, ina iya kwance shi."

Ta matsa masa. Ya tsinke gashi ɗaya daga gemunsa, ya tsoma a ruwa, ya taɓa gam ɗin. Ya jira ya yi laushi. Ya kawo hantsaki, ya zare ƙahon aro, ko gashi ɗaya na kanta bai kwanta ba. Auta ta leƙa madubi, ta juya fil, ta ƙara leƙawa. Kafaɗunta suka fara girgiza, dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Wallahi Baba, sai da ka ruɗi madubi."

Ta ɗauke murfin kayan gyaran ta jefa a aljihun teburinta ta kulle. Ya sunkuyar da kai ya fara naɗe hantsakinsa a tsumma.

"Ina kuma za ka? Ga kwalaben gobe can, kuma ko hannuna ya warke ba zai kamo naka ba." Ta turo masa madubin gabansa. "Wannan mariƙin nasa ya daɗe yana cijewa. Shi kam, gyara."

Mai Agogo ya maƙala gilashinsa a ido, ya murɗa mariƙin ya kasa kunne.

"Ƙishin mai yake ji," in ji shi. "Miƙo min gwangwanina."