Shayin Gishiri da Farin Ƙyallen Inna

Inna ta dawo daga Indiya da sabuwar gwiwa, da wani farin ƙyalle, da kuma mugun hali da ba ta tafi da shi ba. Gwiwar likitoci ne suka sa mata. Ƙyallen da halin kuwa a wurin wata tsohuwa 'yar Tibet ta samo su. Ni ce shaida, don ni 'yan'uwana suka tura jinya, wai ni ce malamar makaranta mai Turanci.

Bayan an yi aikin Inna ta ƙi abinci. In na ce ta ƙi, to ta ƙi. Miyarsu ta ce ƙamshin turare take yi, ita kuwa ba ta cin turare. Kukar da muka ƙullo daga Makarfi ba inda za a kaɗa ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na shiga banɗaki na sha kukana. Idonta ya faɗa, muryarta ta shige ciki. Likita ya gaya min a fili, in ba ta ci ba, ba za ta tashi ba. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

A gadon da ke kusa da namu tsohuwar take, da dogon kitso biyu, carbi a hannun hagu, a dama kuma wani abu kamar ƙaramin gwangwani a kan sanda, tana ta juya shi. Inna na ganin carbi ta yanke hukuncin musulma ce, har tana nuna mata alƙibla da haɓa. Jikar tsohuwar ce ta warware min. Addinin Buddha suke bi, addu'o'insu ne a naɗe cikin gwangwanin. Ta ce kakarta tun tana yarinya ta tsallako duwatsu a ƙafa daga ƙasarsu, ba ta sake ganin garinsu ba, kuma har yau duk jikan da ya yi mata magana da wani yare ba nasu ba, sai ta zama kurma.

Na fassara wa Inna. Sai ta ce, "Allah ya shirye mu baki ɗaya. Amma batun yare, tsohuwa ta yi daidai. Ke ma daga yau in kika ƙara ce min sori, ba zan amsa ba."

Wata safiya tsohuwar ta buɗe filas ta zuba shayi a ɗan akushinta, ta barbaɗa soyayyen garin sha'ir, ta cuɗa da yatsu har ya dunƙule, ta miƙo wa Inna. Inna ta shinshina ta ce, "Wannan ai gumba ce." Ta sa na tambaya me ke ciki. Ban da garin, ganyen shayi ne, da gishiri, da man shanu, shi ke nan. Ta yi bismillah ta cinye, ta kora da shayin. Daga ranar kullum tsohuwar ke ciyar da ita, suna hira, wannan da Hausa, waccan da yarenta, kowa na gyaɗa kai kamar ta gane. Ranar da aka sallame mu tsohuwar ta rataya wa Inna farin ƙyallen siliki a wuya. Jikar ta ce haka suke sallamar wanda suke ƙauna, farinsa na nufin ba komai a zuciya sai alheri.

Muna dawowa gida Inna ta rataye ƙyallen a ƙusa saman gadonta, ta kuma aika wa Bafulatanar da ke kawo mana nono cewa kada man shanu ya yanke. Ta dafa ganyen shayi har ya yi baƙi, ta zuba gishiri da mai, ta burka da maburgin miya. Sai ga 'yan sannu da zuwa, daga Ikara, daga Malikanchi, daga Nasarawan Doya, kowa da kofinsa.

To ga inda matsalar take. Mutanen Tibet ba sa barin kofin baƙo ya yi ƙasa, kana kurɓa ana cikawa. In ka ƙoshi, sai ka bar shi a cike. Mu kuwa in babba ya ba ka abin da ba ka so, kunya ba ta barin ka ce a'a, sai ka runtse ido ka kwankwaɗe kamar magani don ka huta. Mutum zai shanye, ya ajiye kofi yana hamdala a ransa, kafin ya goge baki Inna ta sake cikawa. Wani surukinmu har zufa ta keto masa yana cewa, "Madalla, Inna, akwai daɗi." Ita da ni muka san mafitar, kuma ba wadda ta faɗa.

Sai Kawu ya zo daga Kudan. Ƙanin Inna ne, ita ta goye shi, amma yanzu malami ne mai ɗalibai, kuma a dangi in ya ce a yi, an gama. Labarin ƙyallen ya riga shi isowa. Bayan doguwar gaisuwa ya ɗaga kai ya dubi ƙusar.

"Yaya, wancan abin sauke shi za a yi a ƙona. Ba mu san me aka karanta a kansa ba."

Na san in ya nace Inna ba za ta tsallake maganarsa a gaban mutane ba, kuma na san ƙona ƙyallen nan zai ci mata rai. Ita kuwa ko gezau.

"To, Malam. Sha shayi tukuna."

Kawu ya kurɓa, gemunsa ya motsa. Abin da ya ƙara ɗaure shi, shi ne mai wa'azin nan na cewa barin ragowar abinci almubazzaranci ne, duk yaran dangi mun sha wannan karatu a wurinsa. Ya runtse ido ya shanye. Inna ta cika.

"Yaya, alhamdu lillahi."

"Ai ba a yi komai ba. Ci gaba da bayanin, ina jin ka."

Ya ci gaba, yana jawo hujja yana kurɓa, tana cikawa. Ya dube ni da idon neman taimako, na sunkuyar da kai ina gyaran mayafi, dariya na neman kashe ni. Da ya ga filas ɗin ya kusa ƙarewa fuskarsa ta ɗan saki, sai Inna ta ce min, "Ɗauko ɗayan."

Nan ya ajiye malanta gefe, ya koma ƙaninta. "Yaya, don Allah me na yi miki? Wannan abin ko akuya ba za ta sha ba."

Inna ta ajiye filas ɗin. Wasan ya bar fuskarta.

"Wannan da akuya ba za ta sha ba, shi ya dawo maka da ni. Na kwanta ina jiran mutuwa a ƙasar da ban san kowa ba, yarinyar nan tana ɓuya tana kuka, ta ɗauka ban sani ba. Matar nan ba ta san sunana ba, ba ta tambayi addinina ba, ta raba abincinta da ni. Ban yi wa ƙyallenta sujada ba, ban roƙe shi komai ba. In na dube shi, ita nake tunawa, in ce Allah ya ba ta lafiya, ya shirye ta. In wannan haramun ne, gaya min, ga ashana can."

Kawu ya dubi cikin kofinsa. Ni ma dariyar ta tafi, ashe duk kukan da nake yi tana ji.

Can ya ce, "Ba wanda ya gaya min kin kai haka." Ya share ido da bakin rawani. "Yi wa mai rai addu'ar lafiya da shiriya ba laifi ba ne. Kyauta kuma kyauta ce. Bar shi a inda yake."

Sannan ya ɗaga kofin ya sha a hankali, idonsa a buɗe, har ƙasa. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ƙara min, Yaya."

Inna ta cika masa. Sai da ya kai rabi ta gaya masa cewa in ya ƙoshi, barin kofin ake yi a cike.