Kawu da Kaset ɗin Wasan Maraɗi

Jiya ɗana ya kunna mini wani tsohon kiɗan jita a wayarsa, sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya faɗo mini a rai.

Shekarun da arzikin man fetur ya shigo, ni da shi muna jan motocin hatsi tsakanin Jibiya da Maraɗi. Duk inda samari masu jitar lantarki suka yi wasa, Kawu yana sahun gaba da furfurarsa, rikoda a kafaɗa yana ɗaukar wasan a kaset. Ba ya goge ihun jama'a. Yakan ce, "Ai su ma sun yi wasan." Wanda duk ya kawo kaset, sai ya kwafa masa.

Wata rana da hantsi a bakin iyaka, ga warin dizal ga ƙamshin tsire, wani jandarma ya ɗago kaset ɗin wani wasan Maraɗi da Kawu bai kai ga kwafa ba.

"Baba, mi ke ciki? Siyasa?"

Na san in ya riƙe shi, wasan ya tafi ke nan. Kawu ya karɓa ya saka a rikoda. Jita ta tashi, sai wata murya ta tsage: "A ƙara! A ƙara!"

Jandarman ya dafe hula. "Wallahi ni ne wannan!"

Direbobi da masu fura suka fashe da dariya, shi kuwa ya hau rawa da manyan takalmansa. Kashegari Kawu ya kwafa ya kai masa nasa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da mutanen kirki a Aljanna, don bai taɓa iya jin daɗi shi kaɗai ba.