Tukunyar da Liborio Ya Taras a Bango

Yayana Liborio Yucra magini ne. Duk unguwar San Benito ta garinmu Potosí an san shi da abu biyu: ba ya tsoron tsani komai tsawonsa, kuma bai taɓa gama aiki ranar da ya ce zai gama ba. Kafin ya koma gini, shekara goma sha huɗu ya yi yana haƙar ma'adini a cikin dutsen azurfar da ke saman garin, wanda muke kira Dutse kawai, kamar yadda Babanmu ya yi. Ranar da muka binne Baba, bayan ya shekara biyu yana tari a ɗakin baya, Liborio ya rataye hular ƙarfe da fitilar goshi a ƙusa, ya ce shi da rami har abada. Ni ce ƙanwarsa, Casilda, ina sayar da kunun jan masara da fanke a bakin kasuwa. Matarsa ta rasu, nawa mijin kuma ya tafi Ajantina neman aiki ya manta hanyar gida, shi ya sa muka tsufa tare a gidan gado, muna faɗa a kan gishirin miya.

A shekarar da ya cika hamsin da bakwai, bangon kicin ɗinmu ya yi ciki. Na yi wata uku ina mita kafin ya ɗauko diga a farkon watan Agusta, don magini gidan kowa yake gyarawa ban da nasa. Da hantsi ina tankaɗe na ji digar ta bugi wani abu da ba tubali ba. Kafin in ajiye rariya har ya zare tubali biyu, ya fasa murfin wata baƙar tukunya, ya cusa fuskarsa a ciki kamar mai sansana miya.

Ko yaron goye a garin nan ya san ba a yin haka. In ka ci karo da tukunyar da magabata suka binne, toshe hanci za ka yi, ka jefa wuƙa a kanta, ka zuba barasa a ƙasa don Uwar Ƙasa, mai riƙe da duk abin da ke binne, ka bar tukunyar ta sha iska kwana uku. Iskar da ke ciki mai dukiyar ne ya bar ta gadi. Balle a watan Agusta, da ƙasa take da yunwa, bakinta a buɗe.

Na ce, "Yaya! Fitar da kanka! Kai wane irin mutum ne?"

Ya ɗago yana dariya, ƙura har gira. "Casilda, zo ki ga abin da muka kwana a kansa shekara hamsin muna cin dankali ba nama."

Bai rufe baki ba tari ya turnuƙe shi. Ya dafa bango ya yi ta yi har idonsa ya yi ja, dariyar ta gudu daga fuskarsa. Dama yakan ɗan yi gyaran murya da safe, ni kuma ina ɗora wa sanyin garin nan laifi. Amma wannan daga can ƙasan ƙirji ya fito, kuma tun daga ranar bai sake shi ba.

Sulallan azurfa ne a tukunyar, baƙaƙe ƙirin, masu karkataccen baki kamar an datse su da gatari, an ƙulle su a tsummokaran da suka ruɓe. Da yamma Liborio ya fita sayen barasar zubawa, ni kuma na kwance ƙulli ɗaya. A ciki akwai wani da ya fi sauran zagaye, gicciyensa ya fito raɗau. Na ɗauke shi. Ba zan yi wa kaina ado ba, sata na yi. An haife ni a gindin dutsen azurfa, kakannina sun mutu a cikinsa, amma ko ɗan kunnen azurfa ban taɓa mallaka ba. Na samu lemon tsami da toka na dirje shi har ya yi fari tas yana ɗaukar ido, na ɗinke shi a cikin lafin siket ɗina.

Washegari muka je wurin Tata Anacleto, tsohon da ke duba da ganyen koka a bayan makabarta. Ya watsa ganye a kan mayafi sau uku, duk sau ukun ya girgiza kai.

Ya ce, "Mai ita ya shiga ƙirjinka, Liborio. Bai hana a ci dukiyar ba, zamanta a hannun jininka ne ba ya so. Kafin watan nan ya mutu duk su fita, hannu da hannu, ga wanda ba danginku ba. Kada a jefar, kada a sake binnewa, dawowa za su yi. Ko ɗaya kada ya rage."

Na dafa lafin siket ɗina. Na so in mayar da nawa cikin tukunyar a ɓoye, to ta yaya? Fari ne sol a cikin baƙaƙe, makaho ma sai ya gane. In kuma faɗa wa Liborio, bakina ya ƙi buɗuwa. Kunya ce, da kuma wani abin da ya fi kunya muni: ban so rabuwa da shi ba. Na ce a raina guda ɗaya ne tak, mai dukiyar ai ba zai zauna yana ƙirga ba.

Wani maƙerin zobe, abokin Liborio, shi ya haɗa mu da Doña Etelvina Arrieta, wata dattijuwa mai shagon tsoffin sulalla a birnin Sucre. Ta zo da kanta ranar Talata, ƙarama, da farin gashi, da jaka kamar ta ungozoma. Ta shimfiɗa baƙin kyalle a teburinmu, ta fito da ƙaramin sikeli da gilashin da ake maƙalawa a ido, ta sa safar hannu. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Kun wanke su?"

Liborio ya ce, "Ko taɓa su ba na bari a yi, Doña."

"Allah ya yi maka albarka. Baƙin nan da kake gani shi ne shekarunsu. Wanda ya kankare shi ya kankare rabin kuɗin."

Na ji lafin siket ɗina ya yi nauyi a ƙwaurina.

Ɗaya bayan ɗaya ta bi su. Ta ɗora a sikeli, ta duba da gilashi, ta juya, ta karkata shi wajen hasken taga. Tana neman shekarar da aka buga, da harafin mutumin da ya auna azurfar, da ko wani ɗan hannu ya yanki bakin sulen tun zamanin da. Ta raba su kashi uku. Waɗanda suka shafe ta tura hagu ta ce nauyinsu kawai za a biya, masu rabin rubutu a tsakiya, masu cikakkiyar shekara kuma ta ajiye dama a hankali kamar ƙwai. Liborio na zaune ya ƙura wa hannunta ido, duk bayan ɗan lokaci ya juya baya ya yi tari a hankici. Sau biyu na ga ta ɗago ta dube shi ta saman gilashin.

Da ta kai ƙarshe sai ta tsaya tana jujjuya tsummokaran. Ta ce, "Mai binnewar nan mutum ne mai tsari. Takwas-takwas ya ƙulla. Amma wannan ƙullin bakwai ne."

Shayin da nake zuba mata ya cika kofi ya malala ƙasa.

Liborio ya ce, "Haka na same su. Casilda, kina zuba wa baƙuwa shayi ko kina wanke mata takalmi?"

Ta faɗi farashi, ya ce ya sallama tun ba ta rufe baki ba. Ta ce, "Don Liborio, ba haka ake ciniki ba, ka bari in ji kunya mana." Ya ce shi dai a fitar da su daga gidan yau. Ni da nake tayar da jijiyar wuya a kan kuɗin kofin kunu ɗaya, ranar ko uffan ban ce ba. Ita da kanta ta ƙara wani abu a kai saboda na hannun dama, ta tattara ta tafi.

Liborio ya share kicin, ya zuba barasa a ramin bangon, ya toshe shi da sabon tubali. Ya ce, "Shi ke nan, gobe war haka na warke." Har waƙa ya yi.

Bai warke ba. Ranar Alhamis ya hau tsani a gidan wani malamin makaranta, ya kai mataki na biyar ya tsaya yana haki, sai saukowa da shi aka yi. Mutumin da yake tafiya a kan hasumiyar coci kamar a tsakar gida. Ranar Asabar ina wanki na ga jini a hankicinsa. Na zauna a bakin famfo da hankicin a hannu. Ni ce. Ni nake kashe ɗan'uwana da abin da bai kai faɗin murfin kwalba ba. Kowane tari ya yi a ɗakinsa sai in ji kamar sunana ake kira. Na daina cin abinci, na ƙona kunu kwana biyu a jere, har masu saye suna tambaya ko lafiya.

Saura kwana biyu wata ya mutu na ce masa zan je sayo masara, na shiga motar Sucre. Awa uku ina riƙe da lafin siket, duk kwanar da direba ya sha sai in ce a nan mai dukiyar zai kifar da mu. A shagon Doña Etelvina na farke ɗinkin da haƙori na ajiye sulen a gabanta.

Ta sa gilashi ta duba, sannan ta dafe kai. "Wayyo 'yar nan! Da me kika yi masa wannan aika-aika?"

"Lemon tsami da toka."

"Wannan shi ne uban tukunyar gaba ɗaya. Dubi shekararsa, dubi harafin, komai a cike. Da kin bar shi da baƙinsa, shi kaɗai ya fi na hagun nan duka. Yanzu ga zane-zanen toka ko'ina a fuskarsa."

Na ce, "Ba kuɗi na zo nema ba, Doña. Ki karɓa kyauta. Ki dai karɓa da hannunki, don Allah, kafin jibi." Sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa mata komai, da Tata Anacleto da jinin hankici.

Ta cire gilashin ta ajiye. Ta ce, "Yayanki ya yi aikin rami?"

"Shekara goma sha huɗu. Amma ya bari tun tuni."

"Mahaifina sha shida ya yi. Casilda, shekara arba'in ina buɗe irin tukwanen nan da hancina a kai, ban taɓa ko atishawa ba. Tun da na zauna a teburinku na ji tarin nan na gane shi. Ƙurar Dutse ce, ba ta mantuwa, jira take yi. In kina so in karɓi sulen zan karɓa, amma ba zai rage masa tari ko ɗaya ba. Ki kai shi a ɗauki hoton ƙirjinsa, ki sauko da shi daga tsaunin Potosí zuwa inda iska take da kauri."

Za ka ce sanyi zan ji da aka ce ba ni ba ce. Wani tsoron ne ya danne na farko, don na san wannan ciwon, na yi masa jinya shekara biyu a ɗakin baya. Na ɗauki sulena na fito ko sallama ban yi ba.

Na taras da Liborio zaune a tsakar gida yana shan ranar yamma, bargo a kafaɗa. Na durƙusa na ajiye sulen a gwiwarsa. Na ce, "Yaya, ni na ɗauke na takwas ɗin."

Ya ɗaga shi yana juyawa. "Kai, kin ko goge shi. Ko tukunyar kununki ba ta taɓa ganin irin wannan gata ba."

"Ba za ka zage ni ba?"

"Tun ranar na sani. Wa ya taɓa ganin kin yi shiru ana ciniki?"

"To me ya sa ba ka ce in fito da shi ba? Kana tari, kana zubar da jini, kana kallona!"

Ya mayar da sulen kan gwiwarsa. Sannan ya ce, "Casilda, tarin nan ya riga fasa tukunya da shekara biyu. A bayan gida nake ɓuya in yi shi don kada ki ji. Na san muryarsa, irin na Baba ne." Ya share baki da hankici. "Da Tata ya ce mai dukiya ne, wallahi daɗi na ji, don shi ana iya mayar masa da kayansa. Da aka kwashe su ban warke ba, sai na ce ai saura ɗaya a wurin Casilda. Muddin yana wurinki, ina da sauran abin da zan ce shi ne."

Ban san lokacin da na kifa kaina a gwiwarsa ba. Ya dafa ni ya ce in tashi, ina jiƙa masa bargo.

Hoton ƙirji ya nuna abin da Doña Etelvina ta faɗa. Da kuɗin sulallan muka sayi ɗan gida mai ɗaki biyu a kwarin Tarija, da bishiyar ɓaure a ƙofa, da kwalbar iskar numfashi a gefen gado. Shekara uku da wata huɗu ya yi a can. Bai sake hawa tsani ba, amma daga kujerarsa ya koya wa duk maginan layin yadda ake ɗora tubali, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Sulen yana aljihun rigarsa kullum. In tari ya sake shi ya samu numfashi, sai ya fito da shi ya nuna mini ya ce, "Kin ga aikinki ko?" Ni kuma in ce ya rufe mini baki ya sha maganinsa.

Da ya rasu na so in sa masa shi a akwati, sai na tuna Tata Anacleto ya ce kada a binne. Yana nan a lafin siket ɗina, ya fara komawa baƙi, ban kuma sake goge shi ba.