Gwangwanin Kwat na Miss Icilda

Ni Linval Blackwood, da hannuna na kafa gidan burodin da ke kan hanyar kasuwar Brown's Town. Aji uku na yi a sakandare na fito. Na fara da tandar laka a bayan gidan haya, ina tura burodi a keke har ƙauyukan kan tsauni. Yau ina da tandar gas biyu, da motar kai kaya, da ma'aikatan da iyalansu ke ci a ƙarƙashina. Ba uba, ba kawu a Ingila, ba banki. Ba wanda ya ɗora ni. Na faɗi haka ne don a san irin mutumin da ya kasa zama waje ɗaya tun ranar Talata, huɗu ga Maris, da aka aiko mini cewa Miss Icilda Pinnock ta rasu a asibiti, tana da shekara saba'in da tara.

Miss Icy, kamar yadda muke kiranki, duk wanda ya taɓa zuwa bikin girbi na cocinmu ya san fudin ɗinki, gashin nan mai zaƙi na garin masara da madarar kwakwa, wanda kike gasawa da garwashi sama da ƙasa, cikinsa a tsaye, samansa da laushi kamar bai gama nuna ba. Shekarar da guguwa ta kwashe rufin rabin unguwa, ke kika kafa tukunya a bakin titi, kina dama kunu kina kiran mutane da sunayensu, har waɗanda ba ku ga maciji. Da matata ta rasu, kowace Lahadi nakan tarar da yankin fudin ɗaya a kan tagata, an rufe da ganyen ayaba. Ban roƙa ba. Ke ma ba ki taɓa tayar da zancen ba.

Na sha neman ki koya mini, in riƙa yi a shagona. Amsarki ɗaya ce: “Mas Linval, ka ji da burodinka mai taurin nan. Fudin ba na masu gaggawa ba ne.”

Sai da na je gaishe ki a asibiti kika jawo hannun rigata. “In na tafi, kai za ka yi wa masu zuwa jana'iza fudin. Tandarka ce kawai za ta ɗauke su. Kar ka bari su sayo mini kek ɗin kanti, ka ji ko?” Kika lissafa mini komai, garin masara, sukari, zabibi, kayan ƙamshi, kowanne da yawan kofin da za a auna. Madarar kwakwa kuwa kika ce kwat ɗaya, ma'aunin ruwan nan, ga kowace tukunya. Na ce na ji. Ni da na yi shekara arba'in ina awon gari, me zan tambaya a kan kwat?

To, jana'iza ranar Asabar ce, kuma abin da ya hana ni sakat ke nan.

'Yarki Claudette ta sauka daga New York ta share kicin ɗinki tas. Tsohon gwangwanin nan naki mai lotsawa a gefe, wanda kike auna madara da shi, ya tafi cikin motar shara. Ban ga laifinta ba, tsatsa ta gani. Ta miƙo mini kofin gilashi mai zane-zane ta ce, “Mas Linval, kwat ai kofi huɗu ne, ko ɗan firamare ya sani.” Na auna huɗu na gasa. Ya fito a bushe, samansa ya tsattsage kamar ƙasar rani. Na kai wa mijinki, Mas Egbert, wanda idonsa ya mutu amma harshensa na nan. Ya tauna ya ce, “Linval, bulo ka koma bugawa?”

Na dawo shago na kasa tsayawa. Na leƙa tanda, na fita bakin titi, na dawo. Na yi wa mai kwaɓa faɗa a kan abin da bai yi ba. Ina cikin zagayen nan na tuna cewa gwangwaninki ya girmi Claudette. Kwat ɗin zamanin Ingilishi ne, irin wanda iyayenmu ke auna wake da man kwakwa da shi a kasuwa, kuma ya fi na Amurka ciki. In ka juye shi a kofunan nan nasu, biyar yake ci, saura kaɗan. Na faɗa wa Claudette. Ta duba wayarta, ta ɗaga kai ta ce, “Kwat ma har iri biyu ne? Wannan ƙasa!” Sai ta fashe da kuka, ba don kwat ba.

Na sake gasawa da biyar saura kaɗan. Mas Egbert ya daɗe yana juya shi a baki. “Ya yi kusa,” ya ce. “Kamar ƙanwarta ce ta yi wannan, ba ita ba.”

Kusa! Ban taɓa sayar wa mutum burodin da ya yi kusa ba, ba kuma zan fara a kan kabarinki ba. Na zauna gabansa na ce ya gaya mini yadda kike zubawa, tunda ya yi shekara hamsin yana jin ƙarar. Ya ce kina cika gwangwanin har ya tumbatsa ki juye, sannan sai ya ji wani ɗan “tsul” a baya. Ya taɓa tambayarki, kika ce gyara ce. A kasuwa ba kya barin mai saye ya tafi ba gyara, to tukunya ma baƙuwarki ce.

Nawa ne gyara, Miss Icy? Cokali? Rabin kofi? Kin tafi da wannan. Yau da safe na zuba kofi biyar cif, na riƙe kwanon madarar, na karkata hannu gwargwadon yadda na san zuciyarki. Mas Egbert ya cinye tas. Ya laluba farantin da yatsa, ya tsince ɓurɓushin, ya ce in akwai saura a ƙara masa. Ban san ko na dace ba ne, ko yunwa yake ji. Gobe zan gasa tukunya ashirin a kan wannan ƙarin da ya nema.

Ubangiji ya jiƙanki, Miss Icy, ya gafarta miki, ya ba ki hutawa bayan tsayuwar da kika sha a gaban wuta saboda cikin wasu. Ya ba Mas Egbert ƙarfin zama a gidan da babu motsinki. Ya sanyaya zuciyar Claudette da jikoki da dukan jama'ar coci.

Saura magana ɗaya, gare ki Claudette. Na ga takardar tsarin jana'izar da za ki kai a buga. A wajen abinci kin rubuta “iyali da abokan arziki”. Ban yarda ba. Ki rubuta cewa fudin na Miss Icilda Pinnock ne, madararsa kofi biyar da gyara, don kada wani ya sake auna huɗu ya ce nata ne. A ƙarƙashinsa ki sa sunan wanda ta zaɓa da bakinta ya gasa: Linval Blackwood. In ya yi daɗi, nata ne. In bai yi ba, mutane su san ƙofar wanda za su buga.