Tsagar da Jilali Ya Rufe

Jilali magini ne a garin Shalaf, ya shekara arba'in yana aza bulo. Yana saurayi girgizar ƙasa ta kwantar da garin, da hannunsa ya tono gawar mahaifinsa. Ba ya ba da labarin, mu ma ba ma tambaya.

Gidansa hawa biyu ne. Burinsa ya ɗora na uku, autansa Murad ya tare da amarya a can. Sai dai ginshiƙin bayan kicin ya tsage, har yatsa na shiga.

Da aka ce injiniyoyi za su bi gida-gida su duba wanda zai jure girgiza da wanda ba zai jure ba, sai unguwa ta ɗauke su baƙi. Mu kuwa ba ma tarbar baƙo da bango a tsage. Kowa ya sayo siminti da fenti. Zubida, matar Jilali, ta sa shi gaba.

"Gidan magini guda a gan shi haka? Ka rufe mana asiri, tsoho."

Ya shafe tsagar sumul. Ya iya aikinsa.

Wadda ta zo gidansu wata injiniya ce, Nawal, sa'ar 'yarsa. Ta sha gahawa, ta zaga ɗakuna, ta shafa ginshiƙin ta wuce.

"Baffa, wa ya yi wannan ginin? Ya yi kyau."

"Ni ne. Zai ɗauki hawa na uku?"

"A yadda na gani, zai ɗauka."

Ta fara rubutu. Jilali ya ɗaga kai ya dubi rufin, daidai inda gadon Murad zai zauna. Ya shiga ɗaki ya fito da guduma.

"'Yata, karatunki bai kai wayona ba. Matsa."

Bugu uku, sabon shafen ya zube. Ga tsaga, ga rodi ya yi tsatsa.

"Ka tona mu a gaban baƙuwa!" in ji Zubida.

"Ba cin kuskus ta zo ba, Hajiya."

Nawal ta soke abin da ta rubuta. Ta ce a gyara ginshiƙin, kuma kada a ɗora ko bulo ɗaya.

Murad ya kama haya a bayan gari. Zubida ta yi kwana tara ba ta yi wa Jilali magana ba, amma abincinsa bai taɓa makara ba.