Ranar da Na Ƙona Ruwan Iya

Shekarun baya can, ina sabon malamin kimiyya a kwalejin Gure, aka ce mai duba malamai zai zo daga Damagaram ya ga darasina. Daga bakinsa za a san ko a tabbatar da ni a aiki ko in tattara in koma gida. Ni kuwa da rawar kai na zaɓi nuna wa yara yadda ake raba ruwa da wutar batir, a fitar da idirojan, iskar nan mai kama wuta.

Bazara ce, famfon unguwa ya ƙafe, 'yan ga-ruwa sun yi wuyar gani. Da safe na kwashe ɗan abin da ya rage mini a bido, wato jarka, na yi wanka fes, wai kada baƙo ya gan ni buɗu-buɗu. Sai da na haɗa batir da waya da kwalabe na tuna ba ni da abin rabawar, tulun makaranta kuma a bushe yake.

Na nufi Iya, tsohuwar da nake haya a gidanta, ina sosa ƙeya. Randarta ta kai ƙasa, ga jikoki. Ta tambaya ko ƙishi nake ji, na ce a'a, ƙonawa zan yi.

Ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan: "Mushe, mutane na neman na sha, kai kana neman na ƙonawa?"

Na ce aikina ne a kai. Ta shiga ɗaki ta ciko mini kwano.

Darasi ya yi kyau. Kumfa ta tashi, na ƙyasta ashana, kwalba ta ce fat, yara suka ɗauki tafi, baƙo ya gyaɗa kai. Da azahar na dawo baki har kunne, na tarar da Iya a tsakar gida tana buga tafin hannu a kan rairayi, tana taimama. Butarta na kwance ba ko ɗigo. Na randa ta bar wa jikoki, na alwalarta ta ba ni. Kunya ta kama ni, ita kuwa abin da ta tambaya kawai shi ne ko sun ɗauke ni.

Yanzu ina jin ana maganar manyan masana'antun da za su riƙa raba ruwa don motoci su samu mai. Ba na ƙi, da wannan iskar na ci abinci har na yi ritaya. Amma a garinmu, duk ruwan da ka ɗiba akwai wanda ya haƙura da shi. Nawa na san mai shi. Allah ya jiƙan Iya, ya shayar da ita.